Yadda Za Ka Gina Fadar Dutse ta Wasan Tarihi da Hannunka

A Amurka da Kanada da ƙasashen Turai akwai mutanen da kan sayi fili a bayan gari, su ɗebi shekaru suna ɗora dutse kan dutse, har su tayar da fada irin ta sarakunan Turai na ƙarni na 12 da na 13: katanga mai kauri, hasumiya, ƙofa mai baka, da gwalalo a kewaye. Ranar taro sai a sa sulke da kwalkwali, wasu su tsare ƙofa, wasu su kawo hari. Da dare a kunna fitila a ci abinci a kan dogon tebur, kowa yana amsa sunan da ya zaɓa wa kansa na mutanen wancan zamani. Ni aikin gini nake yi a kudancin jihar Ohio, kuma na daɗe ina taya masu wannan sha'awa aiki a ranakun hutu, don ina son abin har zuciyata. Abin da ke tafe shi ne abin da nakan gaya wa duk wanda ya zo mini da zanen fada a takarda yana tambayar ta ina zai fara.

Nemi masu wasan tukuna

Kada ka sayi ko shebur ɗaya sai ka je taron masu wasan ka ga abin da suke yi da idonka, domin ba iri ɗaya ba ne, kuma kowane rukuni da irin ginin da ke yi masa amfani.

Akwai 'yan ƙungiyar SCA (Society for Creative Anachronism, masu kwaikwayon rayuwar Turai ta zamanin da), wadda aka kafa a Berkeley ta jihar Kalifoniya a 1966. Su da sandar rattan suke faɗa, wani itace mai kama da gora amma cikinsa a cike, kuma da ƙarfi suke duka. Dokarsu ta ce kaurin sandar kada ya gaza inci ɗaya da kwata, tagar fuskar kwalkwali kuma kada ta wuce inci ɗaya, don kada sanda ta sami hanyar shiga ido. Babban taronsu shi ne Pennsic, a Cooper's Lake da ke yammacin Pennsylvania, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta, inda wajen mutum 10,000 kan kafa tanti. Akwai kuma masu wasan kwaikwayon labari, waɗanda takubbansu na soso ne, abin da ya dame su shi ne labarin da ake bi: wane ne sarki, wa ya ci amanar wa, ina aka ɓoye taska. Su lunguna suke so, da ɗakuna, da kasuwa, da ƙofar sirri. Sai masu buhurt, masu faɗa da makamin ƙarfe marar kaifi, waɗanda ba abin da suke buƙata kamar fili mai shinge mai ƙarfi. Na ƙarshe su ne masu nuna sana'o'in da: ƙira, saƙa, gashin burodi, rubutu da alƙalamin gashin tsuntsu. Rumfa mai inuwa da murhu sun ishe su.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan ga shi. A Faransa, kusa da garin Treigny a yankin Burgundy, Michel Guyot da Maryline Martin sun fara ginin fadar Guédelon a 1997 da kayan aiki da dabarun ƙarni na 13 zalla. Suka buɗe wa jama'a wurin tun ginin bai kai ko'ina ba, kuma yau wajen mutum 300,000 ke zuwa kallo a shekara, kuɗin ƙofarsu ne ke biyan ma'aikata. An ɗauko wannan tsari aka kai jihar Arkansas, kusa da Lead Hill, aka fara Ozark Medieval Fortress a 2009, aka buɗe a 2010. Zuwa farkon 2012 an rufe, don masu zuwa ba su kai yadda za su riƙe aikin ba. Dabarar ginin ɗaya ce, duwatsun ma masu kyau ne. Jama'a ce ta yi ƙaranci.

Wanda ya fi burge ni a wannan fanni shi ne Bicolline, a Saint-Mathieu-du-Parc ta lardin Quebec a Kanada. Can 'yan wasan ne da kansu suke gina gidajensu a cikin filin, kowace tawaga da nata, har gine-ginen suka haura 200, aka sami gari sukutum. Duk watan Agusta dubban mutane kan taru don babban yaƙin shekara. Wanda ya kafa gungume da hannunsa zai dawo baɗi ya duba ko ya ruɓe, haka wurin yake rayuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ka sami mutum goma da za su riƙa zuwa ranar Asabar ba tare da ka roƙe su ba, to ka sami abin farawa.

Fili

Dutse yana da nauyi fiye da yadda mai zane a takarda yake zato. Mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya tsayi na ginin dutse ya haura tan biyu. Ɗauki katanga mai tsawon mita 10, tsayi mita 4, kauri mita 1. Wannan kaɗai ta doshi tan 100, kuma ba ta kai kusurwa ɗaya ta fada ba. In sayen dutsen za ka yi a kawo maka a tifa daga nesa, kuɗin mota zai cinye ka kafin katangar ta kai ƙugu.

Shi ya sa masu Guédelon suka zaɓi tsohuwar mahaƙar dutse da aka yi watsi da ita a tsakiyar dajin itacen oak. Dutse yana ƙarƙashin ƙafarsu, katako yana kewaye da su, ga yumɓun yin tayil ɗin rufi, ga yashi, ga ruwa. A nan kusa da mu, a Loveland, Harry Andrews ya fara tasa fadar a ƙarshen shekarun 1920 a bakin kogin Little Miami, yana ɗebo duwatsu daga kogin a bokiti yana hawa da su gangare. Da dutse bai wadatar ba sai ya koma zuba kankare a cikin kwalayen madara, in ya bushe ya yage kwalin ya sami bulo. In ka je ka tsaya kusa da bangon za ka gan su a jere, ƙanana masu kusurwa huɗu, a tsakanin duwatsun kogi masu sulɓi. Ya shafe fiye da shekara 50 yana wannan aiki. Amma kada ka ɗauka yau ma za ka shiga kogi ko dajin gwamnati ka ɗebi abin da kake so. Jim Bishop, wanda ya fara tasa fadar a tsaunukan Colorado a 1969, ya sha jayayya da hukuma a kan duwatsun da yake ɗebowa daga dajin gwamnati da ke kewaye da filinsa. Dutsen da ke cikin filinka, ko wanda manomi maƙwabci ya tsince daga gonarsa ya tara a gefe yana neman mai kwashewa, shi ne naka na halak.

Bayan dutse, duba waɗannan. Ka je filin bayan an yi ruwa mai yawa ka ga inda ruwa ke kwanciya, can ba wurin gini ba ne. Ka tabbata motar asibiti da ta 'yan kwana-kwana za su iya shiga har bakin ƙofa ko da ƙasa ta jiƙe. Ka auna shimfiɗaɗɗen wuri, domin tantuna da motoci da filin daga za su ci ƙasa ninkin-ba-ninkin abin da fadar za ta ci. Sannan maƙwabta. Ganga da ihun mayaƙa da motoci hamsin a ƙaramar hanyar ƙauye ba kowa ke jurewa ba. Je ka gaishe su tun kafin ka biya kuɗin filin, ka faɗa musu gaskiyar abin da za ka yi, ka gayyace su liyafar farko.

Takardu

A Amurka kowace gunduma da dokarta ta amfani da fili. Filin noma ba lalle ne a yarda ka tara jama'a a cikinsa ba, kuma wurare da yawa suna da iyakar tsayin gini, wadda hasumiya kan ƙetare. Je ofishin da kanka ka yi tambaya. Gini na zaman iyali dokarsa daban, wanda jama'a za su taru a ciki dokarsa ta fi tsauri: ɗakin da zai ɗauki fiye da mutum 49 sai da mafita biyu. Nemi injiniya mai lasisi ya duba harsashi da duk inda mutane za su taka a sama, ya buga hatiminsa. Sai inshora, taka ta mai fili daban, ta ƙungiyar da za ta yi wasan daban. Wannan sashe babu daɗi a cikinsa, amma wanda ya tsallake shi wata rana zai ga an manna masa takardar dakatar da aiki a ƙofar da ya yi shekara uku yana ginawa.

Fara da ƙofa

Kusan kowa da babbar hasumiya yake son farawa, don ita ce ke fitowa a hoto. Ni kuwa ƙofa nake cewa a fara da ita, da guntuwar katanga dama da hagu. A bakin ƙofa ake yin faɗan da ya fi armashi, ita ce kuma za ka iya kammalawa cikin shekara biyu ko uku a soma amfani da ita. Sauran kewayen ka rufe da shingen gungume. Ba wani abin kunya ba ne, tarihi ma haka ya tafi: da Normawa, mutanen Normandy ta arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066, yawancin kagarun da suka fara kafawa tudun ƙasa ne da hasumiyar katako a kai da shingen itace a kewaye, daga baya aka riƙa mayar da su na dutse. A taron 'yan SCA mai suna Gulf Wars da ake yi a Lumberton ta jihar Mississippi duk watan Maris, kagarar da ke filin ba wata ƙatuwa ba ce, amma faɗan karɓe ta na cikin abin da mutane ke yin doguwar tafiya dominsa.

Gungumen da aka binne kai tsaye a ƙasa daga gindi yake ruɓewa. Nemi itace mai jure damshi, irin su farin oak ko black locust, ka ɓare ɓawon, ka zuba tsakuwa a ramin don ruwa ya tsiyaye.

Yanzu ga abin da littattafan tarihi ba za su gaya maka ba. Fadar gaske an gina ta ne don ta halaka mai kawo hari. Taka kuwa mai kawo harin abokinka ne, ranar Litinin yana da aiki. Ka taɓa tsayawa kusa da ƙofa lokacin da ake faɗa? Mutum talatin sun dunƙule, garkuwa na gugar garkuwa, na baya suna turo na gaba, ƙarar sanda a kan ƙarfe ba ka jin maganar na kusa da kai. Wanda ke cikin kwalkwali ta 'yar siririyar taga yake gani, ba ya ganin ƙafarsa ko kaɗan. Duk wani ɗan tudu a ƙasa zai kayar da shi, in ya faɗi kuma mutum biyar za su faɗo a kansa da nauyin sulkensu. Saboda haka:

Kada ka sa dokin ƙofa. Daɓen mashigar ya zama bai ɗaya daga waje har ciki, ƙasa ce da aka daddaɓe ko ɓawon itace da aka baza, ba dutse mai santsi ba.

Faɗin ƙofar ya isa mutum uku su jeru da garkuwoyinsu, ya kuma isa ƙaramar mota ta shiga. Kusurwoyin da kafaɗa za ta daka ka sassaƙe su su yi kwana, kada a bar kaifi ko ƙusa ko ƙugiya daidai tsayin mutum.

Ƙofar ƙarfe mai saukowa daga sama, in ka yi ta, ka ɗaure ta da sarƙa da sakata biyu ranar wasa. Ba a sauke ta da mutane a ƙasa, ko da wasa.

Ka bar wa alƙalan fili wurin tsayuwa inda za su ga ciki da waje a lokaci guda. A SCA da zarar an yi ihun "Hold!" kowa zai tsaya cak, yawanci a durƙusa a gwiwa ɗaya. Kalmar ba ta da amfani in mai faɗin ta ba ya ganin abin da ke faruwa a lungu.

Hanyar da ke kan katanga ita ce wuri mafi hatsari a duk ginin. Ta cikin gida fadojin da sukan bar ta ba kariya, kai kuwa dole ka sa. Dokar gini a nan ta ce kariyar wurin jama'a ta kai inci 42, kuma giɓin da ke tsakanin haƙoran katanga, inda maharba ke leƙawa, yakan gaza haka, don haka a gitta ƙarfe a ciki. Ni shawarata ma kada a yi dambe a sama sam. Maharba su tsaya can da kibansu masu kan roba, faɗan jiki da jiki a bar shi a ƙasa. Matakala mai murɗawa tana da kyan gani, amma ka ƙara wata miƙaƙƙiya mai faɗi a baya, wadda mutum biyu za su iya sauko da wanda ya ji rauni ta kanta. Gwalalo kuma ya zama busasshe, marar zurfi, mai gangare a hankali. Rami mai miƙaƙƙen bango da ya kai ƙafa biyar yana iya rufta wa mai haƙa shi.

Harsashi da katanga

A ƙasar da ake sanyi, ruwan da ke cikin ƙasa yakan daskare ya kumbura ya ɗaga abin da ke kansa. Dole harsashi ya sauka ƙasa da inda daskarewar ke kaiwa. A wajenmu kusan inci 30 ne, in ka yi arewa ya fi haka, ofishin gini zai faɗa maka na yankinka. A nan ba na jayayya da zamani: kankare da rodi, faɗinsa ya fi na katangar, da bututun tsiyayar ruwa a gefe cikin tsakuwa. Ba mai ganinsa, kuma shi ke ɗauke da komai.

Daga nan hanya biyu ce. Ko dai ka ja bulo ka zuba rodi da kankare a ciki sannan ka lulluɓe da dutse, ko ka yi ginin dutse zalla irin na da. Ta farko ta fi sauri, ta fi sauƙin samun hatimin injiniya, kuma a yankin da ake girgizar ƙasa kusan ita kaɗai za a yarda da ita. Ban ga laifinta ba, muddin in baƙo ya tambaya za ka gaya masa gaskiya. Amma ta biyun ita ce zuciyata take so, ita zan tsaya a kai.

Katangar da fuska biyu ce da ciki. Ka ja layin dutse mai kyau ta waje, ka ja wani ta ciki, tsakiyar ka cika da ɓaraguzan dutse da kwaɓi, kana dannawa kada a bar rami. Manyan duwatsu a ƙasa. Kowane dutse ya hau kan mahaɗar biyun da ke ƙarƙashinsa, ɗaya kan biyu, biyu kan ɗaya. In ka bar mahaɗa ta miƙe daga sama har ƙasa, ka zana wa katangar inda za ta tsage. Tsawon dutse ya shiga cikin katanga, kada ka kwantar da shi a fuska don ya rufe maka wuri da sauri, wannan ita ce yaudarar da sabon hannu ya fi faɗa wa. Lokaci-lokaci ka sa dogon dutse da zai ratsa daga fuska zuwa can ciki ya ɗaure ɓangarorin biyu. Dutse mai sala-sala kuma a kwantar da shi yadda ya kwanta a mahaƙa, in ka tsayar da shi ruwa zai shiga tsakanin salar ya riƙa ɓare shi. Gindin katangar ya fi samanta faɗi kaɗan. Kada ka ɗaga fiye da abin da kwaɓin ƙasa zai iya ɗauka a yini, gwiwa ɗaya a tsawon layi ta isa, gobe a ci gaba.

Fasa dutse ma sana'a ce. Za ka ga gwani ya zagaya ƙaton dutse yana shafa shi da tafin hannu yana neman jijiyarsa. Sai ya huda ƙananan ramuka a jere, ya sa 'yan ƙarafa masu tsini, ya riƙa bi da guduma ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba da ƙarfi ba. Kunnensa yana kan sautin. Da farko ƙarar siririya ce mai tsayi, can sai ta koma ƙasa ta yi kauri, sai ya dakata ya ja da baya, dutsen ya buɗe da kansa gida biyu. Sa tabaran kariya da takalmi mai ƙarfe a baki. Ko a Guédelon, inda ma'aikata ke sanye da tufafin ƙarni na 13, waɗannan biyun ba a barin su.

Sai maganar kwaɓi, inda na fi samun saɓani da abokan aikina birkiloli. Su siminti suka sani. Amma ginin da da farar ƙasa aka yi shi: a ƙona dutsenta a wuta mai zafin kusan digiri 900 a ma'aunin Celsius, a zuba mata ruwa ta tafasa ta narke, a haɗa kashi ɗaya da yashi mai kaifi kashi biyu da rabi zuwa uku. Ba ta kamawa a yini ɗaya irin siminti, a hankali take shan iska tana komawa dutse, a cikin katanga mai kauri tsakiyar takan daɗe ƙwarai ba ta gama ƙarfi ba. Amfaninta shi ne tana barin damshi ya fita, tana kuma ɗan bin motsin gini ba tare da ta tsage ba. Siminti ya fi duwatsu da yawa tauri kuma yana tsare ruwa. Na ga katangar wani mutum da aka yi wa cikon mahaɗa da siminti mai ƙarfi. Ruwa ya shiga ta sama ya rasa mafita, sanyi ya zo ya daskarar da shi, da bazara fuskokin duwatsun suka riƙa zubowa kamar an yanka su da wuƙa, simintin yana nan daram a kewaye da ramukan. Ba sai ka gina matoya ba, ana sayar da farar ƙasar gini a buhu, mai lamba NHL 3.5 ta dace da yawancin aikin waje. Tana cin fata, in ta shiga ido kuma abin ya yi muni, don haka safar hannu da tabarau da bokitin ruwa mai tsabta a kusa. Kada ka yi gini da ita in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5 na Celsius, in rana ta yi zafi kuma ka rufe sabon aiki da jiƙaƙƙen buhu.

Awo, baka da ɗaga kaya

Kayan awon da ba su da tsada. Igiya mai ƙulli 13 a tazara ɗaya tana ba ka gaɓa 12, in ka naɗa ta kusurwa uku mai gaɓa 3 da 4 da 5 ka sami kusurwar gini daidai. Igiya mai nauyi a baki tana nuna maka miƙewar bango. Hasumiya mai zagaye kuwa, kafa sanda a tsakiya ka tabbata ta miƙe, ka ɗaura igiya mai alama, kowane dutse ka auna shi da ita kafin ka danna. Koya wa 'yan sa-kai waɗannan, suna jin daɗinsu, kuma ranar taro abin nuna wa yara ne.

Bakan ƙofa sai da kafinta. Ya haɗa maka ƙwarangwal na katako daidai siffar bakan, a ɗora shi a kan 'yan katakai masu tsini da za a iya zarewa a hankali. Ka riƙa jera duwatsun daga dama da hagu a tare don nauyi ya daidaita, kowanne mahaɗarsa na duban tsakiyar bakan, na ƙarshe ya shiga a ƙoli ya kulle su. Baka yana tura bango waje, saboda haka ka gina kafaɗunsa biyu su yi nauyi kafin ka zare katakon, kuma kada ka yi gaggawar zarewa. Ajiye ƙwarangwal ɗin, zai yi maka wata ƙofar.

In ka ga ƙananan ramuka a jere a jikin tsohuwar fada, gurbin katakan da magina suka tsaya a kai ne. Kai ma kana iya barin irinsu, suna ƙara wa gini kama da na asali, amma tsayuwarka ta zama a kan dandamalin ƙarfe na zamani mai kariya. A Guédelon da ƙaton wili na katako suke ɗaga dutse, mutum ya shiga ciki yana tafiya igiya na naɗewa. Abin kallo ne, kuma in kana da kafinta gwani ka yi ɗaya don nuni. Aikin yau da kullum dai ka yi hayar ƙaramar motar ɗaga kaya, bayanka ɗaya ne. Sana'ar hannun ba ta tashi a banza ba: bayan gobarar majami'ar Notre-Dame ta Paris a watan Afrilun 2019, kafintocin da suka koyi sassaƙar oak da gatari a Guédelon suna cikin waɗanda aka nema don sake rufin.

Hunturu, da wanda zai gaje ka

Ruwa ta sama yake kashe katanga. Kafin sanyi ya shigo, duk bangon da ba a gama ba a rufe kansa. Maginan da ciyawa da taki suke shimfiɗawa su bar shi har bazara, kai tamfol da buhunan ciyawa sun isa, ka bar gefe a buɗe don iska ta ratsa. Wanda aka gama kuma a yi masa hula da faffaɗan dutse mai ɗan gangare, hanyar sama a sa mata indararo mai tsawo da zai jefa ruwa nesa da gindi. Duk shekara in sanyi ya wuce ka zagaya da cokalin gini kana cike mahaɗar da ta zube, kamar yadda ake yi wa gidan ƙasa yaɓe bayan damina. Ka cire duk tsiron da ya kama a bango tun saiwarsa ba ta yi ƙarfi ba. Kafin kowane taro ka girgiza kowace kariya da hannunka, ka taka kowane katako.

Kada ka manta da abubuwan da ba su shiga hoto: makewayi isasshe, ruwan sha da yawa don mai sulke a watan Yuli yana iya faɗuwa saboda zafi, abin kashe gobara a ɓoye a bayan kowace ƙofa, da fitilun lantarki masu kama da kyandir a duk ɗakin da ke da rufin katako ko labule.

Abu na ƙarshe, ka yi shi tun kana da ƙarfi. Irin wannan gini yakan fi mai shi tsawon rai, yawanci ma ba ya ƙarewa a hannunsa. Jim Bishop ya kai hasumiyarsa ƙafa 160, ya rasu a 2024 ana ci gaba da zuwa kallon ginin. Harry Andrews ya rasu a 1981, amma ya riga ya yi wasiyya ya bar fadar ga ƙungiyar samarin da ya tara tun farko, Knights of the Golden Trail, kuma su ne suke riƙe da ita har yau, suna gyara suna buɗe wa baƙi. Ka yi rajistar ƙungiya, ka zauna da lauya a rubuta yadda filin zai koma hannunta, ka sanar da iyalinka tun yanzu don kada a yi rigimar gado. Zanen ginin, da takardun injiniya, da ma'aunin kwaɓin da ka yi amfani da shi, da inda bututun ruwa ya bi a ƙarƙashin ƙasa, duk ka tara su a fayil ɗaya, ka ba mutum biyu daga cikin matasan da ke zuwa aikin Asabar kwafi.